Ciwon damuwa: me kuke yi a gida da yake taimaka muku?

Telan_Unguwa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Ni tela ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Tun bayan ƙaramar salla nake jin kaina ba daidai ba. Ba zazzaɓi, ba wani ciwo da zan nuna in ce ga shi, amma jikina kamar an zare masa laka. Barci yakan ɗauke ni da wuri, sai in farka tsakar dare, idona biyu har a kira assalatu. Abinci ba ɗanɗano. In na je shago sai in zauna, yadi a shimfiɗe, alli a hannu, in kasa ko shata wuyan riga. Shaddar mutane ta taru, ina ganin kiran masu kaya ina ƙin ɗagawa don kunya. Majalisarmu ta dare na daina zuwa. Abin da ya fi ci mini rai, autana in ya hau jikina da murna nake yi, yanzu sai in ji ya dame ni, daga baya kuma in tsani kaina.

Wani abokina ya ce ciwon damuwa ne. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, me ya riƙa yi a gida yau da gobe da ya taimaka masa? Kuɗin zirga-zirgar asibiti ba ni da su yanzu.

Bakatsine_84
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka lizimci addu'ar nan ta neman tsari daga hammu da hazan, wato damuwa da baƙin ciki. Muna taya ka da addu'a.

Abu_Sumayya
Malam tela, gaskiya zan faɗa maka don ina son ka da alheri. Wannan abu da ake ta yayatawa yanzu, iyayenmu ba su san shi ba, ga shi sun ga fari, sun ga yunwa, sun binne 'ya'ya. Zuciyar da ta cika da tawakkali ba ta da wurin ajiye irin wannan. Ka duba tsakaninka da Ubangijinka, a nan gyaran yake.

Malam_Tudun_Wada
Abu Sumayya, na san niyyarka mai kyau ce, amma maganar tana buƙatar gyara, don kada a ƙara wa mai ciwo wani ciwon. Annabi Yakubu, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya sa idanunsa suka yi fari, yana nan a cikin Alƙur'ani. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta 10 da aiko Manzon Allah (SAW), malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma Nana A'isha takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, a ba mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji daga Annabi cewa tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Ka ga ke nan ba a ce masa tashi ka gyara imaninka ba, abinci aka kai masa. Addu'a wajibi ce, neman magani kuma sunna ce. Ba sa karo da juna.

Batun iyayenmu kuwa, sun san shi. Ko a garinku za a ba ka labarin wance da ta daina magana bayan mutuwar ɗanta, ko wane da ya shige ɗaki ya rufe har ya lalace. Suna kawai ba a sa masa ba.

Nas_Rabi
Sannu Malam tela. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan iya tabbatar da ciwo ta waya ba, amma abin da ka lissafa ya yi kama da shi ƙwarai. Abin da likitoci ke dubawa shi ne ƙuncin zuciya ko gushewar sha'awar abubuwan da mutum ya saba so, kusan kullum, har mako 2 ko fiye, tare da rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, rashin tattara hankali da yawan ganin laifin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, don haka ba kai kaɗai ba ne. Ya fi kama mata, amma maza sun fi ɓoyewa har abin ya yi nisa.

Abu biyu. Na ɗaya, ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo duk suna iya sa mutum irin wannan mutuwar jiki, shi ya sa gwajin jini ke da amfani ko da sau ɗaya ne. Na biyu, zan yi maka tambaya kai tsaye, kada ka ji nauyi: shin tunanin gara ka mutu, ko na cutar da kanka, yana zo maka?

Ummu_Khalil
Yayana, ni na shiga wannan hali bayan haihuwata ta biyu, kuma an ce cikin mata 10 da suka haihu fiye da 1 na shigarsa. Abin da ya fi taimaka mini wata likita ce ta koya mini shi: kada in jira sai na ji sha'awar yin abu kafin in yi. A wannan ciwon sha'awar ba ta zuwa da farko, sai an fara motsi take biyowa daga baya.

Ga yadda na yi. Da daddare nakan rubuta abu uku ƙanana a bayan kwalin magani, waɗanda zan yi gobe. Ba manya ba fa. In yi wanka kafin hantsi. In share tsakar gida. In leƙa maƙwabciyata mu gaisa. In na yi ɗaya sai in ja masa layi. Ranar da na yi guda ɗaya kacal ban zagi kaina ba, na ce to, an yi ɗaya. Kuma na hana kaina komawa kan katifa bayan sallar asuba. Sai in ɗauki tabarma in fito da jaririn inda rana ke fara sauka a jikin katanga, mu zauna har ta yi zafi. Da farko ina zaune ne kawai hawaye na zuba. A hankali na fara jin kukan tsuntsaye da hayaniyar 'yan makaranta suna shiga kunnena, abin da da ko lura ba na yi.

Ɗan_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Ni tahiya ta ƙafa ce ta taimake ni. Bayan la'asar in sakaliya ta yi, sai in bar babur gida in taka har bayan gari in dawo. Amma ni kaɗai ban iya ba, sai da wani abokina na fada, wato majalisarmu ta hira, ya ɗauki alkawarin zuwa ƙofar gida ya yi sallama kullum. Kunyar barin shi tsaye ita ke fito da ni. Malam tela, nemi mutum guda cikin majalisarku da zai yi maka haka.

Nas_Rabi
Wannan shawara ce mai kyau. Abin da ake so ga babba minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau 5. Amma wanda ke cikin ciwo ya fara da minti 10 ma ya isa. Hasken safiya da Ummu Khalil ta ambata kuma yana daidaita lokacin barci.

Sadiq_Kofar_Ruwa
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ni duk na gwada waɗannan, tattaki, rubuta jadawali, fita rana, ba abin da suka yi mini. Kullum aka ce in yi kaza na kasa, sai in ƙara ganin kaina a matsayin wanda ba shi da amfani. Sai da aka sa ni a kan magani sannan na samu ƙarfin da zan yi su. Ina faɗa ne don kada Malam tela ya gwada ya ga bai ji sauƙi ba ya ce laifinsa ne. Ciwon mataki-mataki ne, wani dabarun gida sun ishe shi, wani ba su isa ba.

Talaka_Bawan_Allah
Ni fa ina ganin ana kewaye-kewaye. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wane magidanci ne ke barci? Kuɗin makaranta, kuɗin haya, kwanon masara. Ku ba tela jari da wutar lantarki ku ga in bai warke ba. Talauci ne ciwon, ba wani abu ba.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ɗana, ba a musun cewa matsin rayuwa na jawo shi, bashi da rashin aiki suna cikin manyan sababai. Amma ni ina da shago biyu da rufin asiri lokacin da ya kama ni. Kuma ka sake karanta abin da ya rubuta: aiki na gabansa, shadda ta taru, hannun ne ya ƙi. Da rashin kuɗi ne kaɗai ai da ya kwana a kan keke.

Talaka_Bawan_Allah
Hajiya na ji, amma dai a yarda yunwa ma tana da hannu.

Direban_Tirela
Ni gargaɗi ɗaya zan yi. Kada wani ya ce maka ga ƙwaya ka sha ka ji ƙarfin aiki. Haka aka fara da ni a tasha, tiramadol don in iya tuƙin dare in kuma manta da abin da ke raina. Awa kaɗan za ka ji garau, in ta sake ka sai ka faɗa ramin da ya fi na da zurfi, ga kuɗi na tafiya. Kodin ma haka, har gwamnati ta hana maganin tari mai shi a 2018 saboda yadda ya cinye matasa. Fita daga wannan ya fi mini wuya a kan damuwar kanta. Haka ƙwayar barci ta kemis ba da takardar likita ba, ka nisance ta.

Ummu_Khalil
Tun da an zo batun barci: shayi mai kauri, kofi da goro, a bar su daga la'asar. Waya kuma a ajiye ta nesa da shimfiɗa. In ka farka tsakar dare ka kasa komawa, kada ka kwanta kana juyi kana lissafin bashi. Tashi ka yi alwala, ka yi nafila ko ka zauna da carbi cikin duhu-duhu, in barcin ya dawo ka koma. Kuma lokacin tashi ya zama ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba.

Gimbiyar_Zazzau
Ni dai ina zargin hannu a ciki. Tela mai kasuwa haka kawai ya kasa taɓa keke? A nemi mai ruƙiyya.

Malam_Tudun_Wada
Ruƙiyya da ayoyin Allah halal ce, kuma mafi kyawunta wadda mutum zai yi wa kansa: Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, ya tofa a hannu ya shafe jiki. Ba ta buƙatar ko sisi. Abin da nake tsoro shi ne a sa masa zargin abokan sana'arsa da danginsa, ya ƙara janyewa daga mutane, alhali janyewar ce ke ciyar da ciwon. Duk wanda kuma zai ce a kawo shi a ɗaure ko a doke shi da sunan fitar da aljani, ko ya yanka kuɗi masu yawa, a guje shi.

Telan_Unguwa
Na gode ƙwarai, ban zaci za a amsa mini haka ba. Na karanta duka. Anti Nas, tambayarki na daɗe ina kallonta kafin in iya amsawa. Gaskiya wani lokaci in na kwanta nakan ji da ma kada in farka, kowa ya huta da ni. Ban taɓa shirya yin wani abu ba, ina tsoron Allah, ina kuma tuna yarana. Ko maiɗakina ban faɗa wa ba.

Nas_Rabi
Na gode da ka faɗi gaskiya, ba ƙaramin ƙoƙari ka yi ba. Wannan tunanin alama ce ta ciwon, ba shaida ce a kan halinka ko imaninka ba, kuma yana tafiya in an yi magani. Amma da shi maganar ta wuce dabarun gida kaɗai. Ka ci gaba da su, sai dai a haɗa da likita cikin makon nan.

Yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, da irin kalmomin da ka rubuta mana. A fitar da maganin ƙwari, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gida da shago, a ba wani ya ajiye. In tunanin ya yi ƙarfi, ko ka ji ka fara tsara wani abu, kada ka zauna kai kaɗai ko na minti ɗaya, a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.

Batun kuɗi: ba sai asibitin kuɗi ba. Fara da babban asibitin gwamnati na kusa da kai, ka yanki kati ka ga likita, shi zai tura ka gaba in da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar, ba kwantar da su ake yi ba. Wasu magungunan kuma ba su da tsada, ka gaya wa likita ƙarfin aljihunka.

Sadiq_Kofar_Ruwa
Ƙari a kan na Anti: ni ma tsoron a gan ni a can a ce na haukace ya hana ni zuwa da wuri. Da na je sai na tarar da malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure, kowa zaune a benci da katinsa. Tun farkon 2023 ma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma hana a wulaƙanta mai irin wannan lalura.

Maman_Ishaya
Ɗan'uwa, daga Jos nake, ni Kirista ce, kuma mijina ne ya yi wannan ciwon. Ina roƙonka ka gaya wa matarka. Lokacin da nawa ya yi shiru ya daina ci, ya daina wasa da yara, ni na ɗauka na yi masa laifi ne, ko wata ce a waje. Na sha kuka a ɓoye. Ranar da ya buɗe baki ya ce ba ke ba ce, ni ne ba ni da lafiya, wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Ina tabbatar maka matarka ta riga ta ga komai, dalilin ne kawai ba ta sani ba.

Ga masu jinya kuma: yawan cewa ka daure, ka yi haƙuri, wasu sun fi ka shiga uku, ba ya taimako. Abin da ya yi mana aiki shi ne in zauna kusa da shi ina tsince shinkafa ko ba mu ce komai ba, in kuma ce rako ni kasuwa ka riƙe mini kaya. Ni ma matan zumunta ne suka riƙe ni, don mai jinya shi ma yana gajiya.

Ɗalibar_Likitanci
Maganar Mama ta tuna mini da wani shiri a Zimbabwe. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ganin likitoci sun yi kaɗan, ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna da mai damuwa a kan benci a harabar ƙaramin asibiti a Harare. Kaka za ta saurara, ta taya mutum jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa, su tsara matakin farko tare. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka yi wannan zama sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Mu da muke da kakanni da gwaggonni a kowane gida, abin da ya rage mana koyon sauraro ne ba tare da gaggawar yin wa'azi ba.

Tsohon_Tela_Fagge
Yarona, na bari masu ilimi sun gama sannan in yi maganar sana'a, don na san kayan mutanen nan su ne rabin abin da ke hana ka barci. Gobe ka je shago da yaronka ko wani abokin aiki. Ku fito da kayan duka ku kasa uku: wanda aka yanka, wanda ba a taɓa ba, da wanda ƙarashe kawai ya rage. Wanda ba a taɓa ba, ka kira mai shi ka ce ba ka da lafiya, ko ya ƙara maka lokaci ko ya zo ya karɓa. In kiran ya yi maka nauyi, yaron ya kira a gabanka. Za ka sha mamaki, mafi yawansu Allah ya ƙara sauƙi za su ce, shirun ne ke fusata mutane. Wanda aka yanka ka ba wani tela amintacce ya haɗa ku raba kuɗin ɗinki, ba abin kunya ba ne, duk mun yi.

Kai kuma kada ka fara da yanka, yanka na son natsuwa, in ka ɓata shaddar mutum damuwa ta ƙaru. Fara da abin da hannu ya haddace: kalmasar ƙafar wando, sa maɓalli, guga. Ka sa wa keken mai, ka goge shi. Awa ɗaya ka rufe ka tafi gida. Sabon aiki kuma kada ka karɓa sai ka ji dama.

Abu_Sumayya
Malam Tudun Wada, na karanta hujjojinka kuma ban musa su ba. Har yanzu dai ina ganin mun yi sakaci da zikiri a zamanin nan. Malam tela, ka je asibitin, amma kada ka bar jam'i. Allah ya ba ka lafiya.

Ɗan_Damagaram
Ai jam'in ma fita ce sau biyar, da taku, da gaisawa da mutane. Duk hanya guda ce.

Telan_Unguwa
Jama'a, jiya bayan isha'i na gaya wa maiɗakina. Ta ce ta daɗe tana son tambaya tana tsoron kada in ji haushi. Ita ta kira yayana, shi zai raka ni asibiti ranar Litinin, ya kuma kwashe abubuwan da Anti ta ce. Baba na Fagge, mun kasa kayan, na kira mutum biyu, ɗaya ya yi faɗa ya ce zai aiko a karɓa, ɗayan ya yi mini addu'a. Ba zan ce na ji sauƙi ba, daren jiya ma ban yi barcin kirki ba. Tambayata, in an ba ni magani, ba zai sa ni layi a kan keke ba? Kuma an ce in an fara ba a dainawa.

Nas_Rabi
Madalla da wannan mataki. Wasu magungunan, irin amitiriftilin, suna sa barci da bushewar baki, shi ya sa da dare ake shan su, wasu kuma da safe ake sha ba sa kawo barci. Ka gaya wa likita aikinka da allura da almakashi ne, kuma ka faɗa masa tunanin nan da ka faɗa mana, don ya san wanda zai zaɓa da yawan da zai ba ka. Maiɗakinka ta riƙe maganin tana ba ka. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kada ka yanke ƙauna a makon farko. Ana dainawa, amma yawanci sai an ci gaba kamar wata 6 bayan an ji sauƙi, sannan likita ya rage a hankali. Yankewa rana ɗaya ne ba a so.

Sadiq_Kofar_Ruwa
Ni nawa makon farko tashin zuciya ya sa ni, daga baya ya wuce. In ka ji wani abu ka koma ka faɗa, ana canzawa.

Yar_Auta_Gombe
Ku gafarce ni zan shigo da tawa a nan. Ƙanina ne, ya gama hidimar ƙasa ba aiki, yanzu ko ɗakinsa ba ya fita, in an yi masa magana sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Shi bai yarda akwai matsala ba balle ya nemi shawara kamar Malam tela. Ta ina ake fara wa irin wannan?

Maman_Ishaya
Ƙanwata, kada ku taru a kansa ku da yawa, zai ƙara rufewa. Wa ya fi sakewa da shi a gidan, ke ce ko wani abokinsa? Kuma yana cin abinci in an kai masa?